Fuskar Yayan Asabe

Bazarar bana ta zo da ƙarfinta, ni kuma da sakacina na bar ramuwar azumi har ta riske ni. Shekaranjiya ina zaune a ɗakin aikina, baki a bushe, ina zana fuskar wani tsoho mai sayar da goro da za a saka a littafin yara, sai gumi ya gangaro daga haɓata ya ɗiga a kan gilashin kwamfutar da nake zanen a kai. Layin da nake ja ya kauce ya tsaga kuncin tsohon. Na adana kwafinsa, na danna maɓallin komawa baya, komai ya koma yadda yake, ko minti ɗaya ban ɓata ba. Amma na kasa ci gaba. Ɗigon gumin nan ya mayar da ni gidanmu na Yakasai, cikin azumin da ya faɗo a tsakiyar bazara, shekarar da na ɗora wa kaina zana fuskar mahaifina.

Ina da shekara huɗu ya rasu, mahaifiyata kuwa ta riga shi. Maɗinkin hula ne, kuma ba ya son tsayawa gaban mai hoto. Ɗan ƙaramin hoton da aka taɓa ɗaukarsa na katin shaida yana cikin akwatin da ɗaki ya rufta a kansa wata damina. Abin da na riƙe nasa bai wuce ƙanshin sitacin hula da kaushin 'yan yatsunsa ba. Fuska kam ba ni da ita, kuma abin ya daɗe yana ci min rai.

Kakata Iya, wadda ta haife shi, ita ta rene ni. Shi ne ɗanta na fari. Sunansa Auwalu, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. In magana ta kama dole sai ta ce "yayan Asabe". Asabe ita ce gwaggona, ƙanwarsa, muna zaune gida ɗaya da ita tun da mijinta ya rasu. Mu ukun nan ne gidan.

A shekarar, idon Iya na hagu ya riga ya tafi. Na daman kuma likita ya ce hawan jinin ido ne, magani sai dai ya jinkirta. Ana saura kwana biyu a ga wata, muna tsintar gero, Gwaggo ta rage murya ta ce da ni, "Saude, kafin wani azumin ba lallai Iya ta ga ko tafin hannunta ba."

Nan take na san abin da zan yi da watan. Na gama kwaleji a sashen zane, ina zaman jiran aiki, kuma ɗan Gwaggo da ke Legas ya aiko min da tsohuwar kwamfutarsa ta hannu mai alƙalami. 'Yan gida suka sa mata suna allo. Sunan ya dace da ita, don cikinta ƙarami ne, zane biyar ko shida ya cika shi, sai na goge na jiya kafin na yau ya sami wurin zama. Na yi niyya kullum zan zana fuska ɗaya in kai wa Iya, har in dace da tasa tun idonta yana gani.

Za a ce me ya hana ni tambayar wasu? Na tambaya. Abokan ɗinkinsa da ke zama a soron maƙwabta, wannan ya ce dogo ne baƙi, wancan ya ce a'a, wankan tarwaɗa ne mai faɗin goshi, na uku ya rantse kamarmu ɗaya da shi. Gwaggo kuwa ba ta da amfani a wannan sha'ani. Duk abin da na nuna mata sai ta ce, "Kai, ya yi kama. Allah ya yi miki albarka." Rannan don gwaji na nuna mata fuskar mai gyaran takalmin bakin lungu, ta ce wallahi har da idon. Daga ranar na daina kai mata.

Sai Iya. Ita kuma ba a zuwa mata kai tsaye a ce ga ɗanki. Na san wannan. Saboda haka muka yi wata yarjejeniya da ba wanda ya furta ta: ni zan miƙa mata allo in ce, "Iya, kin san wannan?" ita kuma ta duba ta faɗi abin da ta ga dama. Duk mun san wanda ake nema.

Zafin shekarar ba a magana. Tun hantsi iska take tsayawa cak. Bangon ɗaki in ka jingina da shi sai ka ji kamar an sauke tukunya daga wurin. Ƙurajen zafi suka feso min a wuya da baya. Rijiyar gidanmu ta ja ƙasa har guga yana dawowa da laka, 'yan garuwa kuma suka daina shigowa lungunmu, wai kurarsu ba ta kaiwa nan ruwa ya ƙare. Wuta kuwa sai ta yi kwana uku ba a ga ƙyallinta ba, in ta zo ma kafin ka lalubo caja ta koma.

Allon nawa ya fi kowa a gidan raki. Batirinsa ya tsufa, in ya cika fal bai fi ya yi min minti arba'in ba. In ya ɗau zafi sai alƙalamin ya dinga jan layi inda ban sa shi ba. Na gano cewa in na ɗora shi a kan murfin randa yakan huce, saboda haka a gindin randar nake aiki, a durƙushe, ina jin sanyin ruwan da ba ni da ikon sha. Gumin hannuna ma wata fitina ce, da ya taɓa gilashin sai zane ya rikice. Na yanke wata tsohuwar safa na zura a hannu. Gwaggo ta ce na zama kamar mai karaya.

Haka ranakun suka dinga tafiya. Bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe ido, in zauna in yi zanen har batir ya mutu. Sai in sa hijabi in kai allon wurin mai cajin waya a bakin titi, in tarar da wayoyin unguwa jere a kan teburinsa, ɗan janaretansa yana tari, ya ce min sai bayan azahar. In dawo in jiƙa wake, mu surfa gero ni da Gwaggo. Da azahar kowa ya nemi inda zai yar da kansa, Iya a ƙofar ɗakinta da maficinta, rediyo a gefenta ana tafsiri. In rana ta ɗan karkata in ɗauki wake zuwa injin markaɗe, in bi dogon layi, in biya in karɓo allo. Daga nan sai neman ƙanƙara, wadda a shekarar ta zama abin roƙo, sai ka san wani a gidan da ke da injin sanyi. Sau da yawa haka nake dawowa da kwano ba komai, mu sha ruwan randa.

Bayan la'asar ne lokacin Iya. A sannan haske yake faɗowa daidai ƙofar ɗakinta. Takan karɓi allon da hannu biyu, ta kai shi dab da idonta na dama har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta bi shi daga sama zuwa ƙasa.

Ranar farko ta ce, "Wannan ai mahauci ne. Ki mayar masa da wuƙarsa."

Rana ta uku ta ce, "Wa ya ce miki mutanen gidan nan suna da irin wannan hancin? Wannan na Larabawan cikin gari ne."

Wata rana kuma, "Wannan me ya firgita shi ya zare ido haka? Namu ba sa buɗe ido su cinye mutum."

Ina jin haushi, amma ina tsinta. A cikin kowace tsiya da ta yi min akwai ɗan abin da ta sake. Na rage hanci. Na sassauta ido. Da ta ce wani "ya cika kumatu kamar bai san azumi ba", na zabge kumatun. Da ta ce wani gemunsa "na masu wa'azin kasuwa ne", na mayar da shi 'yar ƙasumba. Sai dai duk gyaran da na yi, wani wurin ne yake ɓaci. In na daidaita baki, goshi ya zama na wani. Na zana fuskoki har na fara ganinsu a jikin bango. A layin markaɗe sai in kama kaina ina ƙare wa kunnen mutum kallo, har wata mata ta tambaye ni ko na san ta ne.

Wajen azumi na goma sha biyar haƙurina ya fara ƙarewa. Na ce, "Iya, ki faɗa min kawai mana. Goshin yaya yake? Girar fa?"

Ta ce, "Goshin wa?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Ni ban aike ki ba," in ji ta, ta ɗauki maficinta. "Ke kika ga za ki iya."

Na tashi ina ƙunƙuni. A raina na ce wannan wace irin al'ada ce, mutum ya mutu shekara ashirin amma har yanzu ana jin kunyarsa? Ga ido yana tafiya. Na lura tun shigowar goman tsakiya ta fara laluben butarta da ƙafa, kuma allon kullum ƙara matso da shi take yi. Ni ina ƙirga kwanaki, ita tana yi min wasan kaka da jika.

Hadari ma ya shiga sahun masu ja min rai. Kullum da yamma sai ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su fito da bahuna da bokitai su jera a ƙarƙashin indararo. Sai a ji ƙanshin ruwan da ya sauka a wani gari, hadarin ya watse, zafi ya dawo ya fi na da. An yi haka ya fi sau goma. Gwaggo ta daina ma shigar da bahonta, ta ce ya zauna nan ya ji kunya tare da hadarin.

Ranar azumi na ashirin da uku na tashi da ciwon kai. Ranar da ta gabata mai caji bai sami man janareta ba, allon ya dawo min da ɗan abin da bai kai rabi ba. Na durƙusa a gindin randa ba don ina so ba, sai don kar a ce na fasa. Ban tsaya auna komai ba. Na tuna yadda masu ɗinkin hula suke zama a soro, kai a sunkuye kan allura, in an yi sallama su ɗago ido ba tare da sun ɗago kai ba. Haka na zana, da sauri, layi a kan layi, ko inuwa ban gama sawa ba na ga batir ya yi ja. Na kashe. Bai fi minti ashirin ba. Da na dube shi kafin in kashe, ban ga komai ba sai aikin ganin dama, gira ɗaya ta fi ɗaya tsawo, hula a karkace.

Ranar ban sami caji ba, ban sami ƙanƙara ba, kuma a layin markaɗe wata ta shige gabana muka yi cacar baki. Na dawo gida kaina kamar zai tsage. Bayan la'asar na miƙa wa Iya allon, ko zama ban yi ba.

"Kin san wannan?"

Ta kai shi idonta kamar kullum. Na tsaya ina jiran in ji yau kuma wane ne, mai faci ko mai kifi. Ta daɗe, har na fara jin tsoron batir zai mutu a hannunta. Can sai ta miƙo min shi ba tare da ta dube ni ba, ta juya fuskarta wajen bango, ta jawo mayafinta ta rufe gefen fuska.

Ta ce, "Je ki taya gwaggonki wuta."

Abin da na ji a raina shi ne, yau zanen ya lalace har bai cancanci ko tsiya ba. Kwana ashirin da uku ina durƙuso a gindin randa, ga yunwa ga ƙishirwa, ƙarshenta a kawar min da kai. Ina tafiya madafa na danna gogewa. Allon ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata, har da ƙarfi na danna.

Gwaggo tana gaban kasko tana sakin ƙosai, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta ce, "Yau kuma wa Iya ta ce kin zano?"

"Ba ta ce komai ba. Kau da kai ta yi, ta ja mayafi."

Gwaggo ta tsaya da ludayi a sama, ƙullu yana ɗiga a gefen murhu.

"Ta kau da kai?"

"Wajen bango."

"Kawo in gani."

"Na goge."

Ta ajiye ludayin a hankali. Ban taɓa ganin Gwaggo ta bar ƙosai a mai ta juyo ba sai ranar. Ta ce, "Saude, a gidan nan kika girma ko a wani wuri? Wace uwa ce take tsayawa kallon ɗan fari a gaban mutane? Duk safiyar duniya in Yaya ya shigo gaishe ta, bangon nan take kallo, mayafin nan take ja. Mahauci da mai kifi ai ba ta jin kunyarsu, shi ya sa take yi musu tsiya."

Na san al'adar. Wannan shi ne abin da har yau yake ƙona min rai. Ba baƙuwa ba ce ni, da idona na sha ganin matan unguwa suna yi wa 'ya'yansu na fari haka. Da a ce da safe ne, cikina da ruwa, da ban yi kuskuren ba. Amma ina jiran Iya ta ce min "shi ne", kalmar da duk Kano an san ba za ta fito daga bakinta ba.

Na kunna allon. Na duba ko'ina, babu. Ina cikin dubawa ya ɗauke. Ƙosan Gwaggo ya ƙone, muka tsame shi baƙi.

Ana saura kaɗan a kira magariba, hadarin da ya yi mako biyu yana yaudararmu ya sauke. Iska ta fara kaɗa ƙofar soro, sai manyan ɗigo a kan kwano, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta tashi da ƙanshi. Ta kan katanga ina jin maƙwabta suna hamdala, ana jan bahuna, indararo yana zuba. Gwaggo ta ruga ta kwashe kayan shan ruwa. Ni ina tsaye a bakin madafa da mataccen allo a ƙirjina, ruwa yana dukan ƙafata. Da aka kira salla a nan tsaye na kai dabino baki.

Washegari na tafi kasuwar waya wurin masu gyara. Wani ya karɓa ya jujjuya, ya haɗa da kwamfutarsa, ya ce, "Hajiya, irin wannan tsohon in an goge an goge ke nan. Sai haƙuri." Na je wurin na biyu, ya faɗi abin da na farko ya faɗa.

Sauran kwanakin azumin na yi su ne ina bin abin da hannuna ya yi ba da sanina ba. Gari ya yi sanyi, rijiya ta kawo ruwa, har wuta aka ɗan riƙa bari, amma zanen ya ƙi. Na sunkuyar da kai, na ɗago ido, na karkata hula, na tsawaita gira ɗaya. Wace girar ce ma, ta dama ko ta hagu? Na kasa tunawa. Da na tsaya ina aunawa sai fuskar ta bushe. Na gwada yi da sauri, ya fito kamar zanen 'yan firamare. Kullum bayan la'asar in kai wa Iya, ina roƙon Allah ta kau da kai. Sai ta duba ta ce, "Wannan kuma direban wace mota ne?" Ban taɓa tsanar wasa kamar yadda na tsane shi a kwanakin nan ba. Na kai wa Gwaggo ɗaya, ta buɗe baki za ta ce ya yi kama, muka haɗa ido, ta fasa.

Ban faɗa wa Iya abin da na yi ba, Gwaggo ma ba ta faɗa ba.

Ranar Salla da hantsi, Gwaggo ta fita kai tuwo maƙwabta, gidan ya rage daga ni sai Iya. Na kawo mata nata na ajiye, na kama hannunta na nuna mata inda miya take. Ba ta fara ci ba. Ta saurara ta tabbata ba kowa a tsakar gida, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, fuskarta tana wajen ƙofa.

"Wancan na ranar da aka yi ruwa. Ki adana shi. Ba sai kin yi ta nuna wa mutane ba."

Na ji kamar in ce to. Da na ce to, da ba za ta taɓa sani ba, don idon da za ta nemi a sake nuna mata ma ya kusa ƙarewa. Amma na kasa.

Na ce, "Iya, na goge shi. Na zaci bai yi ba."

Ta lalubo maficinta ta riƙe, ba ta fifita ba. Ina jira ta yi min faɗa, wallahi da ta yi da na ji sauƙi.

"To," in ji ta. "Ba komai. Ni dai na gani." Sannan ta ƙara da cewa, "Yana da rai ban taɓa daɗewa haka ina kallo ba."

Ta sa hannu a tuwonta. Ba mu sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Kafin kaka ta shekarar idon daman ya rufe, ta yi shekara uku tana gane mu da murya.

Yanzu zane ne sana'ata. Allon da nake aiki da shi zai ɗauki fuskokin mutanen Yakasai kaf bai cika ba, ga sola a kan rufi, ga fanka a kaina. Ba na goge komai, ko layin da na ja bisa kuskure sai na ajiye shi, abokan aikina har dariya suke yi min. Duk azumi nakan sake gwada mutumin nan mai sunkuyar da kai, ina da su sun fi ɗari. Wataƙila ma yana cikinsu, amma wadda za ta kau da kai ta shaida min ba ta nan. Sau ɗaya na ga mahaifina da wayona, na minti ashirin, na ce hularsa ta karkace.

Shekaranjiya dai na goge gumin da gefen mayafina, na koma kan tsohon mai goro. Da sauran awa uku kafin a sha ruwa.